Gaisuwar da Ta Kai Ni Cikin Ƙarangiya

Har gobe ina nan a kan bakana: ba rashin iya tuƙi ne ya kayar da ni ba, ladabi ne.

Lokacin ina yi wa likitan Nasara aike a Damagaram, ya koya mini hawan motonsa mai ƙafa biyu. Kwana uku na ga na gama sani. Na kama hanyar Tirmini da magani a jaka, iska na kaɗa rigata, ina tausaya wa masu tafiya a ƙasa.

Ina shan kwana sai ga surukina bisa jakinsa a tsakiyar hanya. Birki yana nan inda likita ya nuna mini. Amma tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa gaishe shi da takalmi a ƙafa ba. Ƙafar da za ta taka birki sai ta shiga kokawar tuɓe takalmi, ni kuma na zame zan durƙusa. Moto ya yi gabas, na yi cikin ƙarangiya. Jakin ko kunne bai kaɗa ba.

Tsohon ya sauko ya zauna a rairayi, yana cire mini ƙaya ɗai-ɗai, bai yi dariya ba. Na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya ce, "Ɗana, gobe in ka gan ni ka wuce abinka. Gara ɗiyata ta zauna da marar kunya da ta yi takaba."

Yanzu idonsa ya tafi, amma da ya ji sallamata a ƙofar zaure sai ya ce wa jikokinsa, "Ku riƙe ubanku, zai gaishe ni."