Tjalling Mai Kalma Ɗaya

Allah Ya yi wa tsibirinmu baiwa biyu: tekun da ke kawo mana kayan mutane kyauta, da Tjalling Boonstra, mai yi mana bayanin sunan kwasarsu. Wasu malaman sukan wahalar da kansu wajen koyon harshe sukutum. Shi kalma ɗaya tak ya riƙe, jutten, wato wawashe abin da ruwa ya watso gaɓa, kuma tun yana da gashi a ka yake tatsarta. Mukan kira shi Shehin Rairayi, ya ɗaga hula ya amsa.

"Malaman birni wai daga sunan mutanen yankin Jutland ta fito," in ji shi a shagon kofi. "Ƙarya! Daga bakin kakana ta fito. In ni kaɗai ne, jut. In gayya ce, jutten. In an gama, gejut. Kada in ƙara jin jahili ya kira ta sata. Sata a cikin gida ake yin ta."

Shi dai ko murfin kwalba bai taɓa tsinta ba, don ruwa yana sa masa mura.

Burinsa a duniya ƙasa ta gan shi a talabijin. Aka yi sa'a guguwa ta kifar da kwantenoni daga wani jirgi, gaɓa ta cika da takalma da tukwanen lantarki, sai ga masu kyamara sun iso. Shehi ya zura tsohon kwat ɗin kakansa. Don teku ya fito sosai a bayansa, ya dinga ja da baya, yatsa a sama.

"Ku lura da wasalin tsakiya, jama'a..."

Igiyar ruwa ba ta lura ba. Ta sure shi, ta juya shi son ranta, ta tofar da shi cikin takalma. Kwat ya sha ruwa, tashi ya gagara.

Mutane suka taho a guje. Ya miƙa hannu, har ya ji daɗin ganin yadda ake ƙaunarsa. Wani ya cire hular, wani ya zare masa takalma, duk suka yi gaba. Kyamara na ɗauka, ƙasa na kallo, sai ga matarsa Aukje da baro.

"Aukje, ɗauke ni!"

Ta dube shi, ta dubi tukunyar lantarkin da ke gefensa cikin kwalinta.

"Baron ba zai ci biyu ba, maigida. Kwanta nan in kai wannan in dawo. Kai ai ba mai ɗauka."