Namadi da Silin Ɗakin Kwamared

Ni dai gyaran waya nake yi a bakin get ɗin kwaleji, kuma wallahi na ga ɗalibai kala-kala, amma irin Namadi ban taɓa gani ba. Babansa Malam Ilu igiya yake tuƙawa a ƙauyensu, innarsa tana kiwon awaki, shi kaɗai ne namiji a gidan. Yaron akwai hadda, da ita ya ci jarabawa. Matsalarsa ɗaya: abin da ka ce masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

An haɗa shi ɗaki da Jazuli, ɗan ajin ƙarshe. Jazuli yana da wata tsohuwar kwamfuta, furojet ɗinsa na kammala karatu kaf yana ciki, bai da shi a wani wurin. Lokacin kuma sata ta yi yawa a hostal, yau waya, gobe dutsen guga. Har ɗalibai suka kafa kwamitin tsaro, suka ba wani Kwamared Sagir shugabanci. Mai baki ne, kullum da usur a wuya.

Wata rana Kwamared ya tara sababbin ɗalibai ya ce, "Duk wanda zai fita ya sa wa ɗaki kwaɗo." Washegari Namadi zai tafi lacca, ya ja ƙofa ya datse. Jazuli yana ciki yana shafa mai. Sai ta taga ya riƙa kiran masu wucewa, har azahar. Da Namadi ya dawo Jazuli ya ce, "Kai ba ka gan ni a ciki ba ne?" Ya ce, "Na gan ka mana, Yaya. Ga shi na dawo na same ka, ba wanda ya ɗauke ka."

Wata rana kuma Kwamared ya ce kowa ya rubuta sunansa a jikin kayansa. Namadi ya sayo jan fenti. Bokiti, buta, takalmi, ketil ɗin shayi, duk ya bi su. Da yamma sai ga shi a shagona da waya, NAMADI ILU ɓaro-ɓaro a kan gilashin. Ya ce, "Oga, ta daina nuna mai kira." Na ce, "Me ya hana ka rubuta a baya?" Ya ce, "Ɓarawo gaba yake kallo." Na ɗauko fetur na hau gogewa. A satin aka sace ketil ɗin, da sunan da komai.

Wata rana ya yi wanki, Jazuli ya ce masa kada ya ɗauke ido daga kan shanya. Ya samu dutse ya zauna gaban igiya. Hadari ya taso, ruwa ya sauko, yana nan zaune yana kallon riguna suna jiƙewa. Aka ce ya kwashe su mana. Ya ce kallo aka ce ya yi.

To ga wadda har yau nake mamakinta. Wata rana ana wasan ƙwallo tsakanin sassan kwaleji, hostal kowa ya watse fili. Jazuli ne gola, saura 'yan kwanaki ya miƙa furojet. Ya damƙa wa Namadi kwamfutar ya ce, "Don girman Allah, idonka a kanta. In ta ɓata, na maimaita shekara." Kwamared yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya sa baki: "Ɗaga ta sama kawai, inda hannu ba zai kai ba, ka taho kallo." Saman wadirof yake nufi, inda kowa ke ajiya, inda kuma shi ya san zai duba.

Namadi ya gwada saman wadirof, ya ga hannunsa ya kai. Ya taka kujera ya gwada kan taga, nan ma ya kai. Sai ya leƙo baranda, ya ɗaga kai ya ga murfin silin. Ya naɗe kwamfuta a bargo, ya goya ta a baya da igiyar babansa, ya sa wa ɗaki kwaɗo, ya haye. An kuma ce idonsa a kanta, don haka ya zauna can ciki. Zafi ya ishe shi, ya kama rarrafe yana neman inda iska take.

Ni na shigo hostal kawo wa wani wayarsa daidai lokacin da 'yan kallo suke dawowa. Sai muka ji rugum daga ɗakin Kwamared. Aka ɓalle ƙofa. Ga Namadi kife a kan katifa, fari fat da ƙura, silin ya rufto da shi. Kewaye da shi wayoyi, caja, dutsen guga, takalma, agogo, wasu ma suna kan zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wani sai salati yake a hankali. Ashe duk abin da ya ɓata a hostal ɗin yana saman kanmu.

Kwamared ya kutso yana haki, wai kayan da kwamiti ya ƙwato ne yake adanawa. Ba wanda ya yarda, don a lokacin Jazuli ya je ɗakinsu ya ga wadirof a buɗe an birkice samansa, alhali kwaɗon ƙofa lafiya lau. Safayar makullan ɗakuna kuwa a hannun shugaban kwamiti suke. Masu gadi suka cire masa usur suka tafi da shi.

Jazuli ya kwance goyon, ya danna maɓalli. Kwamfuta ta kawo haske. Ya rungume ta yana hamdala.

Namadi kuwa ko a jikinsa. Ya tona cikin tarkacen ya zaro ketil, ya nuna mana jan fentin ya ce, "Ashe Kwamared gaskiya ya faɗa. Da ban rubuta ba, da yanzu ana min musu."