Rasuwar 'Yar Turkiyya, Igwar Gidan Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa lamari ga Allah, Surayya Abba ta unguwar Sa'alaba a Jidda, a madadin jikokin Alhaji Hamad, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar 'Yar Turkiyya, ƙaramar igwar tagulla da ke saman rufin gidansu. Ta cika ranar Talata da magariba, azumi na tsakiya.

Marigayiya ba ta wuce kamu ɗaya ba, amma ba ta taɓa bari a raina ta ba. Kaka ne ya sa maƙeri ya zuba ta a kan siffar igwogin fagen fama na sojan Turkawa, irin waɗanda yake cewa kakansa ya tura da kafaɗa a gindin ganuwar Jidda. Ya yi mata ƙafafun katako biyu, da ɗan keken albarushi, da dawakan roba da aka sayo a Bab Makka. Ba ta da surutu. Sau ɗaya take magana a yini a watan azumi, in rana ta faɗi: ta ɗan yi "fsss", ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "dum!" Sai ka ji cokula suna ƙara a cikin kwanukan shorba har ƙarshen layi.

Ta rayu cikin tsari. Kaka ya ce igwa ba bindiga ba ce, hannu ɗaya ba ya harba ta, don haka ya jera jikokinsa yadda sojan igwa ke jeruwa. Akwai mai ɗauko ruwa, da mai goge cikinta da jiƙaƙƙen tsumma don kashe ragowar wuta, da mai ɗura albarushi, da mai saiti. A can ƙoli kuma mai sa wuta. Ba a tsallake matsayi, sai na gaba ya yi aure ko ya bar gari.

Surayya da bokiti ta fara, tun bokitin na rinjayarta. Ta yi tsumma har farcenta ya yi baƙi, ta yi ɗuri, ta yi saiti. Bana yayanta Hussaini ya samu aiki a Dammam, sandar wuta ta zama tata. Sai dai Kaka ya ce ta jira daren sha biyar, shi zai riƙa kunnawa kafin nan. Ta jira. Da tsintsiya ta dinga gwaji a bayan ƙofa.

Ciwon ajali ya zo ne a ranar sha biyar ɗin, cikin mota daga unguwar Safa. Dalal ce, 'yar kawunsu, wadda ba ta taɓa ɗaga wa marigayiya ko kofin ruwa ba, kuma Hausarta ba ta wuce "ina wuni" ba. Mai sanarwa ba ta da komai a ranta game da Dalal. Gaskiya ne tana da kyau, abayarta ma ta fi. Ta dai langaɓe kai ta ce wa kakan nata da Larabci, "Sidi, ni zan kunna, don Allah," sai Kaka, mutumin da ya taɓa sauke Hussaini daga saiti saboda ya yi hamma, ya yi dariya ya miƙa mata sandar. Ya juyo ya ce, "Surayya, sauka ki taya mamanki suyar sambusa, gobe ma rana ce."

Daga bakin kasko Surayya ta ji "dum". Ashe wayar Dalal ba ta ɗauki bidiyon ba. Dalal ta ce yalla, a sake. Ba a saba harbi biyu a jere ba, kuma tun da yara suka watse zuwa buɗa baki babu kowa a kan tsumma. Aka ɗura wa marigayiya albarushi cikinta da sauran wuta. Ba ta yi "fsss" ba. "Ƙas" kawai ta ce, ta tsage daga baki har gindi. Alhamdu lillahi, ba wanda ya ji rauni sai gefen gemun Kaka. Wannan karon wayar ta ɗauka, kuma an ce mutane da yawa sun kalla.

Ta rasu ta bar keken albarushi, da bokiti, da dawakai, ɗaya ba kunne, da tsoho guda da ya daina cin sambusa. Ta bar Dalal, wadda ta yi kuka har aka saya mata askirim. Ta kuma bar mai sa wuta ɗaya da ba ta taɓa sa wuta ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a saman rufi. Kaka ya ce halas, wato shi ke nan, ba zai sake zuba wata ba. Za a naɗe ta cikin tsohon shimaginsa na yafawa a ka, jikoki su ɗauke ta bisa matsayi zuwa saman kabad ɗinsa. Ana roƙon baƙi daga Safa su bar wayoyinsu a mota.

Da yake ba a rufe soja ba tare da harbi ba, kuma maƙwabta sun fara makara wajen buɗa baki, Kaka ya kira Surayya, bai iya kallon idonta ba, ya ce matsayi nata ne, ba a taɓa shi ba. Don haka daga ranar Alhamis har ganin watan Sallah, ita za ta riƙa tsayawa inda marigayiya ke tsayawa, in rana ta faɗi ta ce "dum" da bakinta. Muryarta ƙarama ce. Ana roƙon jama'a su kasa kunne.