Wasiyyar Malam Miƙa-Gaba

Ma'aikatar nan ba ta taɓa yin haziƙi kamar babanmu ba. Shekara talatin da biyar ya yi a sashen ajiye fayil bai yi kuskure ko ɗaya ba, domin bai taɓa sa hannu a takarda ba. Duk abin da aka kawo masa sai ya rubuta "a miƙa gaba" a gefe, ya tura wa wani. Abokan aiki suka laƙaba masa Malam Miƙa-Gaba, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce.

Da ya yi ritaya sai ya mai da falo ofis, har da kujera mai juyawa, ya sanar cewa zai rubuta wasiyya. Abin rabon guda ne, gidan da muke ciki. Mu 'ya'ya kuwa huɗu ne.

"Ni mutum ne mai tsari," in ji shi, yana juyi a kujera. "Ba zan mutu a hargitse kamar wasu ba."

Nan take ladabi ya sauko mana. Ni babban ɗa, da gemuna da furfurata, na koma goge masa takalmi. Labarin fayil ɗin da ya gano bayan shekara tara da ɓata na ji shi ya fi sau hamsin, kullum kuma ina riƙe baki don mamaki. Ƙanwata ta kama yanke masa farce. Wanda ya makara gaisuwa ran Litinin, kafin Laraba alƙalamin wasiyya ya sauko da rabonsa daga ɗakin sama zuwa gareji. Sau biyu ina gadon garejin nan, kuma wallahi ya yi mini ciwo. Mama kaɗai ba ta shiga layi ba, tana kicin abinta.

Bayan shekara biyu wasiyya ta kai shafi arba'in, aka kira lauya. Lauya ya nemi takardar mallakar gida. Baba ya zaro ta cikin ƙiftawar ido, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya don mu ga aikin ƙwararru.

Lauya ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa. "Ranka ya daɗe, ai gidan nan ba naka ba ne. Sunan maiɗakinka ne a kai, ga sa hannunta."

Mama ta leƙo daga ƙofa tana goge hannu. "Ka manta ne, Malam? Ranar da aka kawo takardun saye ka ce kai ba ka sa hannu da garaje. Ka rubuta a miƙa gaba, ka miƙo mini. Ni kuwa na duba ban ga wanda zan miƙa wa ba."

Kujerar Baba ta daina juyawa. Na ji tausayinsa ƙwarai, Allah ya sani. Amma tausayin bai hana ni ajiye burushin takalmi a hankali in nufi kicin ba.

Na tarar ƙanwata ta riga ni, har ta wanke tukunya biyu.