Iya Mero Za Ta Ci Tuwon Sadakarta

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya Ikara? Ya acaɓan? An dai daina kayar da matan mutane a kwata?"

"Ikara lafiya ƙalau. Ni gaisuwar mutuwa na zo, sai na tarar gawar ce da kanta ke amsa sallama. Ya haƙuri, Iya? Ya haƙurin rashinki?"

"Ungo naka, ɗan nema! Haƙuri sai ku da za ku rasa mai ajiye muku ƙanzo."

Iya Mero ke nan, uwar maigidana, da jikanta Zayyad, ɗan yayan maigidan, wanda ke acaɓa a Ikara. Ni na buga masa waya tun da sassafe na ce ya bar duk abin da yake yi ya taho Likoro, don abin ya fi ƙarfinmu.

Ga yadda aka yi. Wani mai kemis a Makarfi ya kawo wata na'ura, wai na'urar ajali. Ka ɗora babban yatsa, ta yi 'yan ƙifce-ƙifce da jar wuta, sai ta faɗa maka daminar da ba za ka wuce ba. Liman ya yi huɗuba a kai har muryarsa ta dushe, ya ce gaibu na Allah ne, kowa ya gyaɗa kai ya ce wannan gaskiya ne. Washegari layin kemis har bakin titi, dattawa sun ja rawani sun rufe hanci wai ƙura ta dame su, alhali kwana aka yi ana ruwa. Iya awon hawan jini kawai ta je, amma ba ta ganin layi ta wuce. Ta miƙa yatsa, na'ura ta ce ba za ta ga girbin bana ba.

Da ta dawo ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Abin da ta yi ya fi kuka tayar mini da hankali. Sanda ta sa ta sauko da zangarniyoyin irinta da ke rataye a madafi suna shan hayaƙi. Dawa ce farafara ta gidan nan tun kakanni, mai zaƙin kara, tuwonta ya kwana bai saki ba. Duk Likoro ba mai irinta, kuma ko ƙwaya ɗaya Iya ba ta taɓa ba wani ya shuka ba, har 'ya'yan cikinta. Ta sussuke ta tsaf ta zuba a ƙwarya. Wai a kai niƙa, a tuƙa tuwo, a yi sadakar ukunta yanzu tana da rai ta ci da bakinta. Ga ruwan shuka ya sauka, kowa yana gona, gayaunarta da ke bayan gida ce kaɗai a kwance. In dawar nan ta shiga injin niƙa, irin ya ƙare ke nan har abada.

Maigidana ya buɗe baki, ta yi masa kallo ɗaya ya mayar ya rufe. Ni kuwa suruka, ina ni ina musu da ita? Jika ne kaɗai ke taka Iya ya kwana lafiya.

"Tashi ka ɗauki ƙwaryar can ka kai niƙa," in ji Iya. "Ka ce a yi laushi, ba ni da haƙoran tsaki."

"Sadakar uku ai sai an kwana uku a ƙasa. Ki fara shiga tukuna, mu za mu lissafa miki."

"In shiga in bar ku da tukunya? Na san halinku. Ina kallo kuka yi ta kakanku, miya kamar ruwan wanke hannu, nama kuwa sai an sa tabarau."

"To malamai su ce Allah ya jiƙanta, ke kuma kina gefe kina cewa a ƙaro yaji?"

"In ce amin da bakina mana! Wa ya fi ni sanin inda nake buƙatar gafara?"

"Kajin maƙwabta. Babu wadda ba ki gurgunta ba."

"Su suka zo shanyata, ba ni na je akurkinsu ba. Kai kuma da me ka zo wa matar taka? Miji ya ji matarsa na kan hanya, ya zo hannu na dukan cinya?"

"Saki na kawo miki. Ba za ki mutu mini a gida a ce ni na kashe ki da yunwa ba."

"Allah na gode maka! Aure duk tsawon nan ko ɗan kunne ban gani ba. Kai tuzurun banza, kai me na'urar ta ce maka? Ko tsoro ya hana ka miƙa yatsan?"

"Ni da ke goga kafaɗa da tirela kullum a hanyar Zariya, wace na'ura za ta ba ni labari? Amma duk da haka ta cuce ni. Na je gaida iyayen yarinya a Kudan, uban bai tambayi asalina ba, bai tambayi sana'ata ba, cewa ya yi damina nawa ta ba ni."

"Yo ya yi daidai. Wa zai ba da 'yarsa ta je ta yi takaba a ɗakin haya?"

"An ce ma masallacin unguwarku yanzu ba a samun sahun farko."

"Ahaf! Duk waɗanda ta ce wa saura ƙiris ne. Iliyasu mai nama, da ba a taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba, yanzu shi ke tayar da ladan. Waɗanda ta ba dogon zango kuma suna can gindin mangwaro suna karta, wai sai an jima su tuba."

"Ai gara su. Wani a ƙauyen Taba na'urar ta ce masa ba zai ga sallah ba, ya wanke ƙafa ya je ya zazzage wa surukinsa duk abin da ke cikinsa tun daga ranar ɗaurin aure. Sallah ta zo ta wuce, ga shi nan garau. Yanzu ta bayan gari yake zagayawa in zai je kasuwa."

"Wannan yatsansa ne da datti. Ni sai da na wanke nawa da sabulu. Ɗauki ƙwarya, kana cinye mini 'yan kwanakin da suka rage."

Zayyad ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar. Na ce shi ke nan, na kirawo mai gyara ya zama ɗan aike. Sai na ga ya dire ta kan turmi, ya faɗa ɗakin Iya ko sallama babu. Jim kaɗan ya fito da zanenta ɗaure a kan wando, ɗankwalinta a ka, carbinta a wuya, sandarta a hannu.

A nan wajenmu, in tsoho ya cika da shekarunsa, jikoki ba sa zaman kuka. Ranar sadaka sukan sa kayansa su ɗauki sandarsa, su yi ta kwaikwayon tafiyarsa da faɗansa har masu makoki su yi dariya da hawaye a fuska. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi wa mai rai ba.

"Me zan gani haka? Zanen Makkan nawa?"

"Ba yau ce sadakarki ba? To jikoki sun iso. Gawa ba ta magana, ki yi shiru ki sha kallo."

Ya ranƙwafa, ya turo baki, ya maƙale murya. "Wayyo ƙuguna! Wa ya taɓa mini daddawa? Jamila! Ke Jamila! Gishirin nan da na bari jiya ya fi haka tudu!"

Jamilar ni ce. Na cusa bakin mayafi a baki don kada dariya ta tona mini asiri.

"Ƙarya kake yi! Ba haka nake tafiya ba, wannan ai tafiyar agwagwa ce!"

"Haka za a yi ki gaban mutanen Makarfi da na Kudan, kuma ba ki da bakin gyarawa." Ya daki ƙasa da sanda, ya kori kazar da babu ita. "Kus! Kus! Allah ya haɗa ki da shaho! Bayin Allah, ku gafarta wa Mero, ta rayu ta mutu ba ta taɓa cika wa jika kwano ba."

"Ni? Wa ya yi maka wannan ƙeyar in ba tuwona ba?"

"Shiru, gawa! Saura shukar Mero. Ai ba a kwaikwayon Mero a bar shuka."

Kafin ta yunƙura ya sure ƙwaryar irin, ya fizgi sungumi a jikin rumbu, ya fice ta ƙofar baya. Iya ta miƙe tsaye ba sanda, matar da sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta bi shi tana zage-zage. Ni ma na rufa musu baya, na bar wake a wuta.

A gayauna ya ɗaga sungumi ya zabga sara har ƙasa ta fantsamo masa a fuska. Ya cika hannu da dawa ya antaya a ramin, ya yi tsalle ya dira a kai da ƙafa biyu.

"Kai! Kai! Rijiya kake haƙa ko kabarin nawa?"

"Haka na ga kina yi."

"Uban wa ya ga ina zuba dunƙule guda a rami? Cunkus za ta fito ta shaƙe 'yar'uwarta!"

"To mene ne naki a ciki, ke da ba za ki ga kanta ba? In na gama wasan, abin da ya rage in kai niƙa. Baɗi kuma in sayo irin leda a kasuwa in watsa a nan. Ko ma in sa tumatir, ya fi kawo riba."

"Tumatir? A gayaunata? In ka sa tumatir a nan, wallahi sai na fito na shaƙe ka cikin barci! Miƙo ƙwaryar nan, ɗan banza mai hannun sitiyari!"

Ta warce ƙwaryar ta rungume a ƙugu. "Sara. Ba zurfi, na ce! Ɗan taɓa ƙasar kawai. Matsa gaba, taku ɗaya. Yawwa."

Ta tsinto da kan yatsu ta jefa, ta ja ƙasa da diddige ta danne, ta wuce. Ko kallon ramin ba ta yi. Zayyad na gaba yana sara, zane na harɗe masa ƙafa, ɗankwali ya zamo ya rufe masa ido ɗaya, ita tana biye tana jefawa tana zaginsa. Masu gonakin maƙwabta suka dogara fartanya suna kallo, wani har da salati. Suka kai ƙarshen kunya suka juyo, suka kama wata. Ni dai ina bakin danga, dariyata ta koma hawaye.

Da suka yi nisa Iya ta tsaya ta dafa ƙugu tana haki.

"Ka zaci ban gane wayonka ba?"

"Wane wayo? Ni makoki nake yi."

"Tsoro nake ji, Zayyad." Sunansa ta kira sak, ba tuzuru ba ɗan nema, muryarta ta yi ƙasa. "Ba mutuwar ba, ita kam dole ce. In shuka ta fito ta yi kai, ba na nan. Ku yanke duka ku zuba a buhu, babu wanda ya san wace zangarniya ake cirewa a rataye. Ta gauraye da ta kasuwa ta lalace a hannunku. Na ce gara in cinye abata da bakina."

Zayyad ya tsaya riƙe da sungumi, ya ture ɗankwalin daga ido.

"To ki koya mini mana, marowaciya! Kin ƙanƙame abu ke kaɗai, sannan ki ce ba wanda ya iya. Ta ina za mu iya, ta mafarki?"

Ta dube shi daga ɗankwali har takalmin roba, ƙato da gemu cikin zanen Makka, sai dariya ta kuɓuce mata. Ta yi ta yi har ta zauna daɓas a kan kunya, tana share ido da bayan hannu.

"Zo nan, ja'iri. Ka ci ni yau."

Ta kamo bakin zanen da ke jikinsa, ta ɗebi irin da hannu biyu ta zuba, ta ƙulle tam da haƙoran da ta ce ba ta da su.

"Ungo. Ka kai gonar ubanku ka shuka, nesa da dawar mutane. In na kai girbi, ni zan kama hannunka in nuna maka wadda ake zaɓa. In ban kai ba, ka shiga tsakiyar gona, ban da ta gefe. Ka nemi mai nauyin kai, wadda ta sunkuya. Ka ji ko?"

"Na ji, Iya."

Ya juya mata baya yana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Sai da ya ja hanci sannan ya waiwayo.

"Sadakar fa? Ni fa da yunwata na zo."

"Ku jira ta, ba inda za ta. Ɗaga ni, mu je. Sara, rana tana yi."