Ɗaya Bisa Ashirin

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Lahadi ce bayan an tashi daga sujada, na rungumi abin da na fi ji da shi a duk aikin hannuna, na shiga keke daga Samaru zuwa Sabon Gari don in gaida mahaifin yarinyar da nake nema. A hanya har tausayin sauran samarin Zariya nake ji, masu kai wa surukai lemon kwalba da buhun shinkafa.

Ni mai zane ne. Zane na karanta a jami'a, da na gama kuma na ƙi barin Samaru, na kama wani shago a bayan kasuwa na raɗa masa suna sutudiyo (maƙwabta dai shagon mai fenti suke ce masa). Nakan zana wa wata mujalla ta Legas bangonta, amma abin taƙamata shi ne fasta irin wadda ake bugawa da hannu. Ana ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi a jikin firam na katako, a fitar da zanen a kansa, a zuba tawada a ja ta da roba, launi bayan launi. Masu buga rigunan 'yan siyasa ma haka suke yi, sai dai a lokacin da ka haɗa ni da su, da mun ɓata. Su dubbai suke bugawa. Mu masu fasaha kaɗan muke bugawa, mu wanke firam ɗin don kada a sake samun irinsa, sannan mu sa wa kowace takarda lamba da fensir a ƙasa: ta farko cikin ashirin 1/20, ta biyu 2/20, haka har ƙarshe. Lamba ɗaya kuwa ita ake rububi, ba kowa ake ba ita ba.

Yarinyar sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Shika. Mahaifinta, Baba Ishaya, tsohon hedimasta ne, kuma tun farko ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ya ce a'a, to a'a ɗin ce, ba za ta tsallake maganarsa ba. Da ta faɗa masa ina zane, cewa ya yi, “Na ji yana zane. Aikinsa fa?” Wannan tambayar ta tsaya mini a rai. Na samu labarin cewa aikin reluwe ne ya kawo kakanta Sabon Gari, sai na zana tsohuwar tashar jirgin ƙasa, jirgin shuɗi, sama ruwan ɗorawa. Na buga ashirin, na zaɓi lamba ɗaya na sa mata gilashi. Rifkatu ta kalle ta, ta ce, “Ta yi kyau. Amma ka haɗa da lemo.” Na yi mata irin murmushin da ake yi wa wanda bai waye ba.

Na isa da wata hula da ke zubowa gefe guda, irin ta masu zanen Turai, gumi na bin keyata. A falo na tarar da Baba a kujerarsa, da yayarsa Gwaggo Saratu, shugabar zumuntar mata a majami'arsu, wadda kunnenta ya ɗan yi nauyi. Na durƙusa na gaishe su. Gwaggo ce ta fara.

“Ɗana, me ka ce kana yi?”

Na gyara murya na ce, “Ina buga fastoci, Gwaggo.”

Ta dafe ƙirji. “Fastoci? Me bayin Allah suka yi maka?”

Sai da Rifkatu ta leƙo daga ƙofar kicin ta ɗaga murya ta ce na takarda nake nufi, waɗanda ake liƙawa a bango, kafin Gwaggo ta sauke hannunta. Duk da haka ta ɗan ja kujerarta baya. Na ce a raina ba komai, yanzu aikin zai yi magana da kansa. Na kwance takardar da na naɗe hoton da ita, na miƙa wa Baba da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo, ni kuwa na riga na shirya yadda zan sunkuyar da kai in an fara yabo. Ya kalli jirgin, ya kalli saman nan ruwan ɗorawa, idonsa ya gangaro ƙasa, nan ya tsaya. Ya matso da hoton kusa da fuskarsa, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

“Wane malami ne ya ba ka wannan maki?”

Ban gane ba. Na ce, “Maki, Baba?”

Ya ɗora yatsa a kan gilashin. “Ɗaya bisa ashirin. Na yi shekaru ina duba jarrabawa, ko yaron da sunansa kaɗai ya rubuta nakan ba shi biyu.”

A nan ya kamata in nutsu in yi bayani. Amma girman kai ya riga hankalina zuwa baki, na ce, “Ai ni na rubuta da hannuna, Baba.”

“Kai ka ba kanka ɗaya?” Ya juya wajen yayarsa. “To, Yaya, aƙalla yaron yana da gaskiya.”

Na ji wani abu ya faɗi a kicin, ga alama murfin tukunya ne, sai kuma ƙarar wadda ke toshe dariya da zane. Na rikice na koma Turanci, kamar yadda ɗan Samaru yakan yi in ruwa ya ƙare masa. “Baba, limited edition ne.”

“Na san limited,” in ji shi. “Na sha rubuta wa iyayen yara ita a ƙarshen zango.”

Na tattara sauran ƙarfina na bayyana musu cewa ba maki ba ne, guda ashirin na buga, kowace da lambarta, na kuma wanke firam ɗin. Baba ya tambaye ni ko firam ɗin ya lalace ne. Na ce a'a. Ya ce to zai iya buga ɗari? Na ce har dubu. Ya ce, “Kuma ka wanke.” Ya gyaɗa kai a hankali, yadda likita ke yi in ya gama gane ciwo. Gwaggo kuwa, wadda rabin bayanin kawai ta kama, ta matso da tambayar da ta ƙarasa ni.

“Wato akwai mai ashirin bisa ashirin. Wa ka kai wa ita?”

Ta ƙarshen ta ɗan dame, domin tawada ta fara toshe yadin, shi ya sa na bayar da ita kyauta. Da ina da wayo da na ce tana shago. Sai na ji bakina yana cewa, “Mai shayin bakin layinmu.”

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, “Mai shayi ashirin, mu ɗaya.” Na cire hular nan na rasa inda zan ajiye ta, na cusa ta a ƙarƙashin cinyata. A gaskiya a lokacin na cire rai da Rifkatu, har na fara tunanin da wace fuska zan fita layin.

Baba ya ƙwala kira. “Rifkatu, kawo mini jan biro.”

Ta kawo, idonta jawur don dariya. Ya kifa hoton a cinyarsa, ya lanƙwashe ƙusoshin baya, ya zaro takardar daga gilashin. Ina kallo kamar in fizge ta, domin a sana'armu ko da yatsa ba a taɓa fuskar bugu. Ya sake duba tashar da kyau, ya ce, “Rufin ya yi daidai, haka yake tun ina yaro. Sama dai ba haka Allah ya yi ta ba.” Sannan ya dangwala wani ɗaya da jar tawada a gaban nawa.

“Sha ɗaya. An wuce rabi. Ka turo manyanka.”

Na buɗe baki zan ce masa akwai wata 11/20 a ofishin wani farfesa, kuma ba a taɓa samun bugu biyu masu lamba iri ɗaya. Rifkatu ta take mini ƙafa. Na ce, “Na gode, Baba.”

Yau hoton yana rataye a falon, kusa da hoton aurenmu, da jan gyaransa. In baƙi suka tambaya, Baba yakan ce, “Surukina ne ya zana. Yana ƙoƙari.” Ni kuwa na koyi darasi: kafin in miƙa wa mutum bugu, sai na tambayi aikin da ya yi kafin ya yi ritaya. In ya ce koyarwa, daga ƙasan tari nake zaro masa, inda manyan lambobi suke.