Sai An Kira Shi Sau Uku

"Lafiya lau, sarauniyar latti. Kin ce sha biyu, ga shi ɗaya ta gota da minti bakwai."

"Kai tsoho, ina wuni na ce maka, ban tambaye ka lokaci ba. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan, ta fi taki sauri."

Da wannan suka turo ƙofar gilashi suka shigo, ran wata Asabar, ni kuwa ina bayan kanta ina kallonsu. Aikina a gidan bogar nan, inda muke sayar da burodi mai nama a tsakiya, shi ne in karɓi oda, in rubuta sunan mutum, in abinci ya fito in kira sunan a lasifika ya zo ya ɗauka. Wurinmu na 'yan gayu ne, fitilu a rataye ƙasa-ƙasa, kiɗa a hankali, nama ma sai an tambaye ka yadda kake so a gasa. Tsofaffi ba sa shigo mana, sai wannan ɗaya. Wata bakwai ke nan duk Talata yana zuwa shi kaɗai cikin fararen kaya, ya zauna a teburin lungu kusa da taga. Sunan da yake ba ni Balbela. Kuma ba ya tashi sai na kira sau uku, har na ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi.

Yau ga shi da wata budurwa mai rigar ma'aikatan asibiti, hancinsu iri ɗaya sak. Tana juyawa wajen wanke hannu ya matso kusa da ni.

"'Yata, ki rufa min asiri," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Jikata ce. In ubanta ya ji ina tsallaka babban titi ni kaɗai ina zuwa cin maiƙo, Talatata ta ƙare. Ba ki san ni ba."

Na ce to. Tana dawowa ya ɗaga kai yana duban rufi kamar yau ya fara ganinsa.

"Wai nan kika kawo ni? Fitila goma, haske babu."

"Gayu ke nan, mijina. So nake ka waye kafin in nuna ka ga ƙawayena ka ba ni kunya."

"Ni zan ba ki kunya? Ni da na ɗauke ki kina cikin tsumma, kika tsula min fitsari a farar riga, ban sake ki ba?"

"Ai tun ranar na faɗa maka ra'ayina a kanka, kai ne ka nace."

"Karanta min, me suke sayarwa?"

Ta ɗauki takardar abinci. "Wannan naman sa ne da soyayyiyar albasa. Wannan kuma da cuku wanda aka ajiye shekara biyu."

"Shekara biyu? A gidana sunan wannan shara."

"Kai shekara tamanin aka ajiye ka, wa ya zubar da kai?"

Na sunkuyar da kai ina danne dariya. Shi kuwa ya nuna hoton da ke bango da sandarsa.

"Dubi abin tausayi. Burodi sama, burodi ƙasa, an danne nama a tsakiya kamar an kama ɓarawo, an kuma soka masa tsinke don kar ya gudu."

"Da wane haƙorin ma za ka ci?"

"Huɗu gare ni, kuma duk suna zuwa aiki. Ke naki talatin da biyu, ban da surutu me suka tsinana?"

Ta yi odar guda biyu iri ɗaya. Na tambayi sunan da zan kira, ta ce in rubuta Kaka, na rubuta. Ko da suka juya, tsoho bai yi wata-wata ba ya nufi teburinsa na lungu, ya kauce wa kujerar da ƙafarta ke rawa, ya ja mai kyan.

"Ikon Allah," in ji jikar. "Ka san wurin kamar ɗakinka."

"Ido ne, yarinya. Ku kuna da shi, ba ku amfani da shi."

Teburin bai da nisa da kanta, kuma ni ba na musun ina da kunne. Ta tambaye shi gida, ya ce gida yana nan, agogon bango uku, duk suna gaishe ta. Ta ce babanta ya ce kullum yana kiransa a waya.

"Yana kira, Allah ya yi masa albarka. Baba ka sha magani? Na sha. To sai anjima. Minti ɗaya da daƙiƙa goma, na auna."

"Kai komai sai ka auna?"

"Shekara arba'in ina gyaran agogo, me kike so in auna, gero? Naki ma na hannu ɗingishi yake, tun ɗazu nake jin sa. Shi ya sa kullum kike latti."

"Daga nan kake ji? Da kiɗan nan?"

"Ko na maƙwabta ta bango ina ji."

Na tsaya da biro a hannu. Na ce a raina, af, wannan ne kurman da nake yi wa kira uku duk Talata?

Abin da ban sani ba, kukunmu ya hango shi ta tagar kicin. Bai duba takardata ba, ya yi masa yadda ya saba, babu albasa, babu tsinke, an yanka gida huɗu. Tire ya fito, idona ya faɗa kan yankan nan huɗu, hannuna ya ja lasifika, bakina ya riga hankalina.

"Balbela!"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi maza na ce, "Kaka, a yi haƙuri, Kaka." Jikar ta taso tana dariya, tana cewa wane ne kuma Balbela, iyayen wani sun cuce shi. Ta ɗauki tire, ta dubi nata, ta dubi nasa, dariyar ta ragu. Ta kai tebur ta ajiye a hankali.

"Tsoho, yaushe kuku ya san ba ka cin albasa?"

"Kuku mai ilimi ne, fuska yake karantawa."

"Ya kuma ƙirga haƙoranka daga kicin, ya yanka musu ɗaya-ɗaya?"

"To laifi ne a girmama babba?"

"Da aka ce Balbela na ga ƙafarka ta motsa a ƙarƙashin tebur."

"Sauro ne."

"Sauro a cikin sanyin nan? Mijina, yaudarata kake yi da gidan boga?"

Ya juya yana kallon titi ta taga. Na taɓa ganin wannan kallon sau da yawa ran Talata, amma ban taɓa ganinsa da wani a gabansa ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni, da haushin bakina.

"A layin shagunanmu suka sa min sunan," in ji shi daga baya. "Dogayen ƙafa, fararen kaya. Kullum da safe ina ɗaga ƙofar shago sai in ji maƙwabtana, mai hoto da mai takalmi, suna cewa, Balbela, ka sauka? Mai hoto ya riga mu tafiya. Bara mai takalmi ya bi shi. Da muka dawo daga binne shi na zauna a ɗaki, na duba, na ga duk duniya babu sauran mai kirana da sunan nan. Ubanki Baba, ke Kaka, mutanen titi tsoho. Duk na gode. Amma babu wanda ya san ni da gudu a cikinku."

Jikar ta ajiye bogarta, shi kuwa ya ci gaba.

"Wata rana ina wucewa aka buɗe ƙofar nan, na ji ana kiran mutane da sunansu da ƙarfi. Na shigo. Yarinyar can ta ce wane suna zan rubuta, ba ta tambaye ni dalili ba."

"Wato ba don naman kake zuwa ba."

"Naman ma ba laifi," ya ce, yana gyara hula. "Sau uku nake bari ta kira. Na farko na mai hoto, na biyu na mai takalmi."

"Na ukun fa?"

"Na kakarki. Ita ba ta faɗa a gaban mutane. Sai in na daɗe a kan agogo abinci yana hucewa, ta leƙo ta ce, Balbela, tashi."

Jikar ta ɗauki takardar goge baki, ta yi kamar hancinta take sharewa. Shi kuwa ya tura farantinsa gefe.

"To, malamar asibiti, za ki kai ƙarata wajen ubanki?"

"Maiƙo, gishiri, ga titi mai hannu biyu, ga ƙafar da ka ce ta fi tawa. Da majinyacina ne da tuni na rubuta."

"In kin faɗa na sake ki."

"Ka sake ni sau ɗari, har yau ban ga takarda ba."

"Wannan karon da gaske."

Muryarsa ba ta wasa ba ce, kuma ta ji. Sai ta miƙe ta kwashe tiren gaba ɗaya daga gabansa.

"Ke, ina za ki kai min abinci?"

"Ba a gama kiranka ba. Sau ɗaya aka yi, saura biyu."

Ta zo ta dire tiren a kan kanta, ta ce, "'Yar'uwa, ara min abin maganar nan." Doka ta hana, amma wace doka. Na tura mata.

"Balbela!"

Samarin da ke teburin tsakiya suka waiwayo. Tsoho ya harɗe hannu yana kallon taga kamar ba da shi ake ba. Ta ja numfashi, ta rage murya.

"Balbela, tashi, abinci yana hucewa."

Ya tashi. Sandar ma ya manta da ita a jikin kujera. Ya tako har kanta da dogayen ƙafafun nan, idonsa ya cika, yana dariya.

"Ja'ira. Kin ci, na sallama. Har muryar tata kika sato, sai dai ita ba ta ihu kamar mai tallan gawayi."

"Da sharaɗi," in ji ta. "Dankali babu, lemo babu, kuma ta wajen danja za ka riƙa tsallakawa. Baba ba zai ji daga bakina ba. Amma ka sani ran Talata ina aiki, ba zan iya zuwa ba."

"Wa ya gayyace ki? Ki zo ki cinye min yanka biyu?" Ya miƙa hannu. "Ciro gurgun agogon nan in gyara miki, kyauta."

Ta ciro ta ba shi. "Yaushe zan karɓa?"

Ya kara shi a kunne, ya girgiza kai. "Kai, ciwon ya yi nisa. Zai daɗe. Ki riƙa leƙowa gida kina dubawa."

Ran Talata ƙarfe ɗaya daidai ya turo ƙofa shi kaɗai, ya kauce wa kujera mai rawa, ya ajiye agogonta a kan tebur kusa da hannunsa. Da na wuce na duba, agogon yana tafiya daidai da na bango. Abinci ya fito, na ja lasifika. Na kira sau uku, kuma ban yi sauri ba.